Sabuwar Kwamfuta, Tsohon Allo

A gidajenmu ba kasafai ake sayen kwamfuta da kayanta duka a rana ɗaya ba. Guntu-guntu ake haɗa ta, gwargwadon abin da aljihu ya iya. Bana a sayi ita kwamfutar, allon kuwa na wani yayanmu ne da ya bari tun yana makaranta, lasifikar ta rediyon falo ce, kebul ɗin kuma daga wata tsohuwar jaka aka zaro shi, wadda ba wanda ya tuna mai ita. Don haka duk sabuwar kwamfutar da ta shigo, tamkar amarya ce da aka kai gidan da kowa ya girme ta. Sau da yawa kuma daren farko ba ya daɗi: ko dai allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko hoto ya fito tar amma lasifika ko tari ba ta yi.

Mu ne ake kira idan haka ta faru. Ba injiniyoyi ba ne mu, 'yan gida ne kawai da aka lura mun fi kowa daɗewa a gaban na'ura, sai aka naɗa mu ba rawani. Kowane dangi yana da irinmu, kowace unguwa ma haka. Wanda ya kira mu kuwa ba ya cikin raha. Wani watanni ya yi yana adashi kafin ya saya. Wata uwa ce da ta sayar da tunkiyarta saboda tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta baki ɗaya, ba ta son ɗanta ya fara taɓa madannai a ranar jarrabawa. Wani kuma shagon buga takardu zai buɗe, ya riga ya biya kuɗin haya. Kalmar farko da muke ji idan mun isa ita ce, “An cuce ni.” Daga nan sai a shiga neman mai laifi, ko mai shagon da ya sayar, ko abokin da ya yi rakiya, ko yaron da aka gani yana shafa ta ɗazu. Mun ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba.

Abin da shekaru suka nuna mana shi ne, a mafi yawan kiran nan babu abin da ya lalace. Kayan ne aka haife su a zamani daban-daban, kowanne da yarensa, kuma ba a gabatar da su ga juna ba. Aikinmu duk bai wuce wannan gabatarwa ba, kuma aiki ne da kowa zai iya koya.

Idan allo ne ya ƙi nuna komai, muna fara duba 'yar fitilar da ke gefensa. In tana ci, wuta na shiga ke nan. In kuma wasu kalmomin Turanci guda biyu suna yawo a kansa, No Signal, to wannan albishir ne, ko da yake mai kaya yakan ɗauke shi a matsayin ta'aziyya. Allon da ya iya rubuta wannan lafiyarsa ƙalau, cewa yake yi ba wanda ya yi masa sallama. Allo ko talabijin yana da ƙofofi da yawa a baya, amma ƙofa ɗaya yake saurare a lokaci guda. In an soka kebul a HDMI 2 alhali shi yana jiran baƙo ta HDMI 1, har gari ya waye ba za su haɗu ba. Maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input a jikin rimot ko a gefen allon shi ke juya masa kunne zuwa ƙofar da ta dace.

Kwamfutar tebur tana da nata tarkon. A bayanta sau da yawa akwai wuri biyu da kebul ɗin hoto zai iya shiga. Ɗaya yana sama, a cikin jerin kafofin USB, kuma na babban farantin da komai ke kafe a kai ne, wanda masu gyara ke ce wa madabod. Ɗayan yana ƙasa, a kwance, kuma na katin hoto ne da aka ƙara mata. In akwai katin, a jikinsa ake sokawa, domin kwamfutoci da yawa suna rufe kafar sama da zarar sun ga an sa musu kati. Akwai ma ƙwaƙwalen kamfanin Intel da lambarsu ke ƙarewa da harafin F, waɗanda aka fara fitarwa a 2019, da sam ba su da sashen hoto a cikinsu. A irin wannan kwamfutar kafar sama ado ce kawai. Hannun mutum kuwa ita yake fara kaiwa, don ita ce ta fi kusa da ido.

Su kansu kafofin, kowace da shekarar haihuwarta. Dattijuwarsu ita ce VGA, shuɗiyar nan mai ramuka 15 a layi uku, da noti biyu da ake murɗawa a gefe. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987. Tana aika hoto ne a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka, ja daban, kore daban, shuɗi daban. Shi ya sa idan tsinke ɗaya ya lanƙwashe a kan kebul ɗin sai ka ga fuskar mutum ta koma ruwan hoda ko ruwan ɗorawa. VGA ba ta taɓa ɗaukar sauti ba, kuma ba za ta taɓa ɗauka ba. A 1999 aka samu DVI, faffaɗar nan da ta fi zuwa fara, wadda ta iya aika hoto da lambobi, sifiri da ɗaya, amma ita ma ba a tsara ta da murya ba.

A ƙarshen 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba, suka fitar da HDMI, mai haƙora 19, wadda ta haɗa hoto da sauti a igiya ɗaya. Don talabijin aka yi ta, daga baya ta mamaye kwamfutoci. A 2006 ƙungiyar VESA ta fito da DisplayPort, mai haƙora 20. Tana kama da HDMI har ta kan ruɗi mutane, sai dai ita kusurwa ɗaya ce kawai aka datse mata, HDMI kuwa biyu. Da yawa daga kebul ɗinta suna da ƙugiya, sai an danna wani ɗan maɓalli kafin a zare, kuma mun ga kafar da aka tumɓuke da ƙarfin tuwo saboda rashin sanin haka. Autarsu ita ce USB-C ta 2014, irin wadda ke gindin wayoyinmu na yanzu. Ita ce ta fi kowa ɓoye halinta: kafa biyu masu kama ɗaya, wannan tana fitar da hoto, waccan caji da ɗaukar fayil kawai ta sani. Alamar walƙiya ko harafin D a gefenta kan nuna mai fitar da hoto, wani lokacin kuma babu alamar komai sai an duba littafin na'urar. Kebul ɗin cajin waya ma yawanci ba ya ɗaukar hoto ko da ya shiga daidai.

Tun a 2010 Intel da AMD da wasu manyan masu ƙera kwamfuta suka sanar cewa za su yi ban kwana da VGA zuwa 2015. A ƙasashen da aka yanke wannan shawara, ofis yakan sauya kayansa ne baki ɗaya, tsofaffin kuma a loda su a kwantena. Wani kaso na waɗannan kaya shi ke sauka a kasuwanninmu, daga Computer Village da ke Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, a matsayin na hannu. Ke nan mu ne muke zaune a mahaɗar zamunna, inda kwamfutar bara za ta yi aiki da allon da ya girmi mai ita. Waɗanda suka rubuta 'yar takardar bayanin da ke cikin kwali ba su yi tunanin wannan haɗin ba.

A nan ne adafta ke shigowa, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta. Adafta tafinta ce, amma tafinta mai fassara ta fuska ɗaya. Wadda aka yi don ta karɓi HDMI daga kwamfuta ta miƙa wa allo mai VGA tana da ɗan ƙaramin injin a ciki da ke juya lambobi su koma wuta mai hawa da sauka. In aka juya ta, aka ce ta karɓi VGA daga tsohuwar kwamfuta ta kai wa sabon talabijin, ba abin da za ta yi. Wannan aikin wata adaftar ce daban, wadda kan bukaci wuta ta USB. Haka kebul ɗin da ke da DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI yake tafiya, ba ya komowa. Mutum zai je kasuwa ya ce, “A ba ni mai haɗa wannan da wannan,” a ba shi, bakin ya shiga daidai, amma hoto ya ƙi zuwa. Mai shago bai yi ƙarya ba, mai saye ma bai yi ba. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: wane ne mai magana, wane ne mai saurare?

Wannan tambayar ce kuma ke warware wani buri da ake yawan kawo mana, na mayar da kwamfutar tafi-da-gidanka allon kallon ƙwallo ta hanyar soka mata dikoda. Kafar HDMI da ke jikinta ta fita ce kawai, baki ce ba kunne ba. Idan kuwa ita ce ake son haɗawa da talabijin ko majigi, kamar yadda ake yi a wurin taro ko aji, kuma komai ya shiga amma bango ya ƙi nuna komai, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito: a nuna a kwamfuta kaɗai, a nuna abu ɗaya a duka biyun, a faɗaɗa fili zuwa allo na biyu, ko a nuna a na biyun kaɗai. Mun sha ganin malami yana gumi a gaban ɗalibai, majigi na haska fili wayam babu rubutu, alhali zaɓi na uku kwamfutar take kai.

Sha'anin sauti ya fi na hoto ɗaure kai, domin shi ba ya ko rubuta maka cewa ya ɓata. Wani kawunmu da ya haɗa kwamfuta a shagonsa ya taɓa aiko mana da cewa mu zo maza. Muna shiga ya nuna ta da baki ya ce, “Ku duba mini nan, bebiya aka sayar mini. Jiya da tsohon allo tana karatu raɗau, yau na sa mata sabo ta ɗinke baki.” Muka ce, “Kawu, a ɗan yi haƙuri, a ba mu minti biyar.” Ya ce ai shi haƙurinsa ya ƙare tun azahar, gobe da sassafe zai mayar musu da abarsu.

Ga abin da ya faru a shagon. Duk lokacin da aka haɗa allo da kwamfuta, suna gaisawa kafin su fara aiki. Allon yana miƙa wata 'yar takardar shaida da ake kira EDID, wadda VESA ta tsara tun 1994, ɗauke da sunansa, da kamfanin da ya yi shi, da yawan ɗigon hoton da zai iya nunawa. Idan ta HDMI ko DisplayPort aka haɗa, yakan ƙara da cewa yana karɓar sauti. Windows kuwa tana jin haka sai ta kwashe muryar duka ta tura masa. Matsalar ita ce alluna da yawa suna faɗin haka alhali ba su da lasifika ko ɗaya a ciki, sai wata 'yar kafa a baya da za a iya soka abin ji. Karatun da Kawu ke nema yana nan yana tafiya, cikin allon da ba shi da maƙogwaro. Muka danna alamar lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, muka buɗe jerin na'urorin da ke fitar da sauti, muka ɗauke zaɓi daga sunan allon muka mayar kan lasifikarsa. Muryar alaramma ta cika shago. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, “To a nuna mini wurin, kada gobe ta sake.” Muka nuna masa sau biyu, na uku ya yi da hannunsa.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya haɗa da talabijin ta VGA, ko ta adaftar da ke ƙarewa da VGA, sai ya ja wa sauti hanyarsa daban. Shi ya sa masu kyau daga cikin adaftocin ke da 'yar kafar sauti a gefe. Wanda ya sayi marar ita don ragin 'yan nairori yakan sake komawa kasuwa, araha dai ba ta ado.

Zagayayyun ramukan nan na sauti su ne mafi tsufa a jikin kwamfuta. Kakansu babban filogin nan ne da ma'aikatan tarho ke sokawa a allon haɗa kira tun ƙarni na 19, wanda har yau muke gani a jikin amfilifayar masallaci. Ƙaramin, mai kaurin milimita 3.5, ya yaɗu ne da ƙananan rediyoyi, sannan da Walkman ɗin Sony na 1979. Launukan da ke bakinsu ba kwalliya ba ce. Microsoft da Intel ne suka tsayar da su a wani kundin ƙa'idoji mai suna PC 99: kore na fitar da sauti zuwa lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. A cikin duhun bayan tebur, ramuka uku masu girma ɗaya, hannu na iya faɗawa kowanne. Tocilan ɗin waya yakan gama maganar.

Sai kuma zoben da ke jikin filogin. In ka duba za ka ga baƙaƙen layuka sun zagaye shi. Mai layi biyu sautin kunnen dama da na hagu kawai yake ɗauka. Mai layi uku, irin iyafis ɗin waya, yana da makirfo a ciki. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zamani mai rami ɗaya tal tana gane shi. Ta tebur mai kore da ruwan hoda ba ta gane shi duka: za ka ji mutane, su ba za su ji ka ba, har sai an samo 'yar igiya mai rassa biyu da ke raba ji da magana. Mun san wadda ta shafe rabin ganawar neman aiki ta intanet tana magana ba a jin ta saboda wannan layi ɗaya. Idan kuma ramukan gaban kwamfutar tebur ne suka mutu alhali na baya na aiki, galibi wata igiya ce a ciki mai rubutun HD AUDIO da wanda ya haɗa kwamfutar bai soka a madabod ba. In duk an bi waɗannan kuma Windows ta ce ba ta ga na'urar sauti ba sam, to sai a nemi direba, wato 'yar manhajar da ke koya mata magana da sashen sauti, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Wannan ya fi faruwa da wadda aka sake zuba wa Windows a shago kafin a sayar.

Akwai wani abu da ya fi damun mu nan fiye da wasu wurare, wato wuta. Gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, ko kuma an karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Shi ya sa wani lokaci in ka taɓa ƙarfen bayan kwamfuta sai ka ji ɗan tsiri-tsiri a yatsa, kuma shi ya sa lasifika kan yi wani gurnani mara yankewa, wanda yake amon wutar kanta ne da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, in gurnanin ya ɗauke to daga wuta ne. Sau da yawa haɗa kwamfuta da lasifika a kan soket guda yana rage shi. Saboda wannan ne ma muke kashe komai daga bango kafin mu soka ko mu zare HDMI, musamman in janareta ke aiki. Haƙoranta sirara ne, kuma ita ce kafar da in ta ƙone a nan ne za a yi asarar gaske.

A wannan aiki mun yanke wa kanmu wata shawara, cewa ba za mu gyara mu tafi ba. Da sauƙi mutum ya juya wa mai kaya baya, ya danna abu biyu da sauri, a yi ta sa masa albarka kamar ya yi tsatsuba. Akwai daɗi a cikin hakan, ba ma musu. Amma wanda aka yi wa haka zai sake kira gobe, in kuma ba mu kusa zai biya wani, ko ya tura allo mai rai bola don an ce masa ya tsufa. Allon VGA mai shekara 15 yana iya buga wasiƙa, ya nuna darasi, ya lissafa cinikin shago, ba tare da ya gaza sabo a komai da mai shi ke bukata ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in an samo masa tafintar da ta dace.

Don haka duk wanda ya ce mana zai sayi kwamfuta, abu ɗaya muke roƙon sa kafin ya fita. Ya juya allon da ke gida ko talabijin ɗin, ya haska bayansa, ya ɗauki hoton kafofin da wayarsa. Ya ɗauki na filogin lasifikar ma, yadda layukan za su fito. In ya isa shago ya nuna hotunan, ya faɗi wanne ne zai aika wanne ne zai karɓa, kuma ya nemi a gwada masa hoto da sauti a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi. In da hali ya tafi da kebul ɗinsa na gida a aljihu. Masu shago na ƙwarai ba sa ƙin wannan, domin su ma ya fi musu sauƙi da a dawo musu da kaya washegari ana huci.

Yanzu a danginmu waɗanda ake kira sun ƙaru. Akwai wata ƙanwarmu 'yar aji uku a sakandare da ta iya bambance DisplayPort da HDMI da laluben yatsa, ba tare da ta leƙa ba. Da maƙwabta suka sayi tasu kwamfutar kwanan baya, ita suka aika a kira.